Layin da Ke Bin Bayan Alƙalami

"Umma ta ce a'a."

Ko sallama Auta ba ta yi ba. Ta ɗaga labulen ɗakin baya na shagon hotunan da nake aiki, ta tsaya da jakarta a hannu, idanunta sun yi jawur.

Na ajiye alƙalamin allon zane na kwamfuta. Hoton wasu ango da amarya nake gyarawa a kwamfuta, ina share wa angon ƙurajen goshi.

"A'a ta yau, ko ta har abada?"

"Kai ma ka san Umma ba ta da a'a iri biyu."

Ta zauna a kan kwalin firam da ke jingine da bango, ta rufe fuska da gefen mayafi. 

Kofin shayi ne ya ja mana wannan duka. Ranar da na je gaida mahaifiyarta, aka kawo mini shayi a kofin tangaran da ɗan farantinsa. Ina ɗagawa kofin ya hau ƙara a kan farantin, ƙar-ƙar-ƙar, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Na sa hannun hagu na danne na dama, shayin ya zube mini a gwiwa. Umma dai ta daina kallon fuskata, ta koma kallon hannuna har na tashi.

Sai daga baya na san abin da ta gani. Mahaifin Auta mai gyaran agogo ne. Hannunsa ya fara rawa tun Auta tana ƙarama. Sana'a ta fara gagararsa, sai maɓallin riga, sai cokali. Umma ce ta yi jinyarsa shekara da shekaru har Allah ya karɓi abinsa.

Ni kuma nawa hannun na dama ya daɗe yana wannan rawar. Likita ya ce zai iya tsayawa a haka, zai iya ƙaruwa, sai dai a sa ido. Kafin in san Auta, in na ja layi a allon zane, fitowa yake kamar haƙoran zarto. Har mai shago ya fara cewa gara in koma yankan firam.

Auta a shagon buga takardu na kusa da mu take aiki. Wata rana ta shigo aron waya, ta tarar da ni ina jan layi ɗaya ina gogewa, ina ja ina gogewa. Ta tsaya ta kalla, sannan ta ce, "Malam, matsa."

Ta buɗe saitin burushi, wato inda ake daidaita yadda layi ke fita a kwamfuta. Ta nuna mini wani ɗan ma'auni da ake ja hagu ko dama.

"Wannan na santsi ne. In ka ƙara shi, layin ba zai bi kowace rawa ta hannunka ba. Zai ɗan jira ya ga inda ka nufa, sannan ya biyo."

Ta kai shi ƙasa da rabi kaɗan. Ta rage yadda burushin ke jin nauyin hannu, don kada layin ya yi ta kauri yana sirancewa. Ta matse tazarar ɗigonsa don kada ya yanke. Sannan ta miƙo mini alƙalamin.

Na zana da'ira, bakinta ya haɗu da bakinta. Na kusa yin kuka a gaban baƙuwa. Ranar ta gyara mini layi, ta rikita mini zuciya.

Yanzu ga ta zaune a kan kwali tana kuka saboda hannun nan dai.

"Yaya ya riga ya ba iyayen mai kemis rana," ta ce ta cikin mayafi. "Ƙarshen makon nan za su zo."

Mai kemis abokin yayanta ne. Yana da kantin magani a bakin titi, da mota, da hannun da ko ƙuda bai taɓa sa shi motsi ba. Ya daɗe yana nemanta.

"Mutumin da in ya zo zance sai bayanin maganin mura," ta ce, ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Jiya har ya tambaye ni ko ina shan ruwa isasshe."

"Ai ya kyauta. Ni ban taɓa tambayarki ba."

"Kada ka sa ni dariya, Mai zane. Ba na so."

Ta share ido.

"Wallahi da Umma tilasta mini ta yi, da ya fi mini sauƙi, sai in yi fushi da ita. Amma ba ta tilasta ni ba. Zama take yi a bakin gadona tana hawaye, tana cewa ita ta san hanyar nan, ta bi ta da ƙafarta. Ta yaya zan yi faɗa da wannan?"

"Me kika ce mata?"

Ta murza igiyar jakarta.

"Na ce mata tsoro ne. Na ce kunyarta ce ta kama ka ranar, amma hannunka lafiya lau yake."

"Auta! Ƙarya kika yi wa Umma?"

"Na yi. In ta kama in sake, zan sake." Ta ɗago ta dube ni. "Ta ce in gaskiya ne, gobe da yamma za ta zo nan da hoton Baba, wanda ruwa ya ci rabin fuskarsa. Ka gyara shi a gabanta. Ta ce in ta ga layinka ya miƙe, za ta ce wa Yaya ya dakatar da mutanen."

Kafin in yi magana ta miƙe, ta ture ni daga kujerar kamar ranar farko. Ta buɗe saitin burushi, ta kama ma'aunin santsi, ta ja shi har ya bugi ƙarshe.

"Ke kika koya mini ba a kai shi nan," na ce. "In ya kai ƙarshe, layi ba ya iya shan kwana. Kowace kusurwa sai ya lanƙwasa ta."

"Fuskar Baba akwati ce? Ina kusurwa a fuskar mutum?"

"Kuma layin zai yi nisa da alƙalamin. Ana gani."

"Umma ko waya sai an danna mata. Ba za ta lura ba." Muryarta ta karye. "Gobe hannunka zai fi kullum rawa, ka sani, na sani. Rabi ba zai riƙe shi ba. Rana ɗaya ce tak nake roƙonka. In an ɗaura, sai mu faɗa mata a hankali."

"In ta gane fa?"

"In ba mu gwada ba fa? Ka tsaya a bakin titi ka ga ana wucewa da ni?"

Hawayen suka sake zubo mata, wannan karon ba ta rufe fuska ba.

"Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa saitin nan ba."

Na dubi ma'aunin, na dube ta.

"Na yi."

* * *

Washegari na share ɗakin har ƙarƙashin injin buga hoto. Na aro kujera mai laushi daga gaban shago. Mai shago ya dube ni ya ce, "Ko gwamna ne zai zo?" Na ce wadda ta fi shi.

Da rana ta yi sanyi suka iso. Umma a gaba, hoton a naɗe cikin ɗankwali a ƙirjinta. Auta a bayanta, kai a sunkuye. Yaya a ƙarshe, direban babbar mota ne, yana juya makullai a yatsa.

"To, malam mai hannun zinariya," ya ce, ya jingina da ƙofa. "Yau sai mu gani a ƙasa."

Na durƙusa na gaida Umma. Ta amsa da sakin fuska, har ta tambayi mahaifiyata. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Na sa hoton a sikana, injin kwafar hoto, ya fito a fuskar kwamfuta. Mutum ne siriri mai ɗan gemu, yana zaune a bayan teburi cike da agoguna. Daga girar hagu zuwa haɓa, ruwa ya wanke komai, sai fari.

Na ɗauki alƙalamin. Hannuna yana rawa yadda ban taɓa gani ba. Na kare shi da jikina, na ɗora a allon, na fara daga kunne na gangaro haɓa.

Layin ya sauko sumul, kamar an zuba mai a gilashi.

Na ji Auta ta saki numfashi a bayana.

"Kai!" in ji Yaya. "Ashe dai shayin ne ya yi zafi."

Na ja kumatu, na ja gefen gemu, na cike launin fata. Fuskar ta fara dawowa. Umma ta gyara zaman tabarau, tana gyaɗa kai a hankali. Zuciyata ta fara cewa ko mun tsira.

Sai na zo kan gira. Na kwaikwayi ta dama, na ja ta hagu a lanƙwashe, kyakkyawa.

"A'a," in ji Umma. "Wannan ba tasa ba ce."

"Umma, ai ta yi kyau," in ji Auta da sauri.

"Ban ce ba ta yi kyau ba. Na ce ba tasa ba ce. Girarsa ta hagu a karye take. Da ita yake maƙale gilashin duba agogo tun yana saurayi, har ta zauna haka. Tana hawa, sai ta karyo ƙasa lokaci ɗaya." Ta zana da yatsa a iska. "Ko yana barci, kamar yana duba wani abu."

Na goge, na sake ja. Na hau, na karyo da sauri. Layin ya biyo ni a hankali, ya lanƙwasa wurin kamar bakan gizo.

"Ba haka ba, ɗana."

Na sake. Ya sake lanƙwasawa. Na sake. Gumi ya fara ɗigo mini daga haɓa yana sauka a allon. Duk yadda na karya, na'urar sai ta gyara mini abin da ban ce ta gyara ba.

Umma ta jawo kujerarta har gwiwarta ta taɓa teburin. Ta daɗe tana kallo.

"Wancan ɗan ɗigon da ke gaba, mene ne?"

"Bakin alƙalamina ne, Umma."

"To me ya sa shi yake ta tsalle-tsalle, layin kuma yana biyo shi daga nesa, kamar an ɗaure shi da zare?"

"Haka na'urar take, Umma," in ji Auta. "Duk haka suke."

"Ba ke na tambaya ba."

Na waiga. Auta tana girgiza mini kai. Na yi mata alkawarin ba zan taɓa saiti ba. Ban yi mata alkawarin zan kalli idon uwarta in yi ƙarya ba.

"Akwai abin da ke riƙe mini hannu a ciki, Umma. Ɗigon shi ne ni. Layin kuma gyararre ne."

Makullan Yaya suka daina ƙara.

Umma ta yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta ko kaɗan.

"Na san aikin nan," ta ce. "Na yi shi. In baƙi suka zo wurin ubansu, kusa da shi nake zama, in riƙe masa gwiwar hannu ta ƙarƙashin mayafina. Ya sha ruwa, ya miƙa hannu a gaisa, su tafi suna cewa ai ya samu sauƙi. Ashe yanzu har inji an yi wa wannan aikin." Ta nuna kwamfutar. "Cire shi."

"Umma, don girman Allah..." in ji Auta.

"Cire shi, ɗana. Ina so in gan ka."

Na kai hannu, na ja ma'aunin har ya koma babu. Na ɗora alƙalamin.

Layin ya fito yadda yake fitowa kafin Auta ta shigo rayuwata. Haƙoran zarto. Ya haura goshi, ya faɗo cikin ido, ya karce kumatu. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni. 

Ban ga lokacin da ta matso ba. Sai dai na ji alƙalamin ya yi nauyi. Auta ta kama shi daga can sama, da yatsu biyu, ba ta taɓa hannuna ba.

"Ja," ta ce a hankali. "Ina riƙe."

Na ja. Rawar tana nan, ina jin ta tana dukan yatsunta, ita kuma tana shanye ta. Muka hau tare. Da muka kai tsakiya na karyo ƙasa, ta sake mini daidai wurin, kusurwar ta fito tsaf.

Mutumin da ke cikin hoton ya dube mu da gira a karye, kamar yana duba wani abu.

Yaya ya ce, "Baba," da wata murya da ba tasa ba. Ya ɗaga labule ya fita.

Umma ta cire tabarau. Hawaye suna bin fuskarta, ba ta share ba.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne."

Sannan idonta ya sauko kan yatsun Auta da ke riƙe da alƙalamin har yanzu.

"Haka na fara," ta ce. "Da yatsu biyu. Ina murna, ina cewa ai ba nauyi. Auta, kin san nauyin cokali? Ba ki sani ba. Sai kin ɗaga shi safe da rana da yamma, shekara ta zagayo ta same ki kina ɗagawa, mutumin da kike ba wa yana kau da kai don kunyarki yake ji. Na so ubanki, Allah shaida ne. Amma akwai ranar da na shiga banɗaki na ciji hannuna don kada ya ji kukana. Akwai ranar da na roƙi Allah ya ɗauki ɗayanmu, ban damu da ko wane ne ba. Ku kuna yara, ba ku san an yi ba."

"Likita bai ce lallai zai ƙaru ba, Umma," in ji Auta.

"Mu ma haka aka ce mana."

"To kin yi nadama?" Auta ta durƙusa, hannunta ɗaya yana sama a kan alƙalamin. "Umma, ki faɗa mini. Kin yi nadamar auren Baba? In kin ce e, wallahi yanzu zan saki."

Umma ta dubi hoton.

"Kada ki tambaye ni wannan."

"Ki faɗa mini!"

"Na ce kada ki tambaye ni!" Ta juyo gare ni. "Ɗana, ban ƙi ka ba. Da ƙinka nake yi da ban tako nan ba. Kana da gaskiya, na gani yau. Amma ita ce ƙaramata. Na kalli wannan abu sau ɗaya daga ciki, ba zan iya zama in kalle shi daga waje ba." Ta miƙe. "Saki alƙalamin, Auta."

Auta ba ta saki ba.

"Saki, na ce."

Ta ƙara damƙewa. Ina jin yatsunta su ma sun fara rawa. Na dubi uwar, na dubi 'yar. Fuska ɗaya ce, ɗaya dai ta riga ɗaya gajiya.

Na zare alƙalamin daga hannunta.

Ta kalli yatsunta da suka rage a buɗe, sannan ta kalle ni.

"Kai ma?"

"Bi Umma."

"Ni na riƙe, kai ka saki?"

"Bi ta, Auta. Ba zan fara zama da ke da hawayenta ba."

"Matsoraci," ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Da na sani ranar nan da na karɓi wayar na fita, na bar ka da layinka."

Ta ɗauki jakarta ta fice da gudu. Umma ta bi bayanta a hankali. Labulen ya yi ta kaɗawa har ya tsaya.

Na zauna. Ban san tsawon zaman da na yi ba. A fuskar kwamfuta ga mahaifinta: haɓa sumul ta na'ura, karce-karcen hannuna a goshi da kumatu, da gira guda ɗaya da muka ja mu biyu. Na kai yatsa zan goge karce-karcen, in bar masa fuska mai tsabta.

"Kada ka goge."

Umma ce a bakin ƙofa, ita kaɗai. Ta dawo ɗaukar tsohon hoton da ta manta a sikana.

"Umma, waɗannan ɓarna ce. Hannuna ne ya..."

"Na san ko mene ne. Ka bar su. Haka ya koma a ƙarshe, kuma ya hana a ɗauke shi hoto a lokacin. Ba mu da ko ɗaya." Ta naɗe tsohon hoton a ɗankwali, ta rungume. "Ka buga shi yadda yake, ka sa a firam. Ka kawo mini gida ranar da baƙin nan za su zo."

"Ranar, Umma?"

"Ranar. Kada ka aiko, kai za ka kawo." Ta ɗaga labule, ta tsaya ba ta waigo ba. "Ban ce maka na yarda ba. Ni kaina ban san me zan ce ba. Amma tambayar da yarinyar nan ta yi mini, na kasa ce mata e."

Ta gyara rungumar hoton.

"Za a kawo shayi. A kofin nan dai. In an miƙo maka a gabansu, kada ka ce ka ƙoshi."

Ta saki labulen.

Na dubi hannuna a kan teburi, yana ta rawarsa. Na saba in ya yi haka in tura shi aljihu. Yau na bar shi a fili. Ma'aunin santsi yana nan a babu, ban mayar da shi ba. Na kai yatsa kan maɓallin bugawa, na kuskure, na sake kaiwa. Injin ya yi tari, ya fara turo takarda, girar hagu ce ta fara fitowa.